Wanzamin da Ya Cire wa Jirgi Beli

A Kazaure babu wanda bai san Jalaluddeen wanzami ba, kuma babu wanda ya taɓa zama ƙarƙashin askarsa ya tashi bai sha labarin matuƙin jirgi ba. Wai lokacin da yake zaune a Kano, shekara biyu cur yana yi wa wani matuƙin jirgin sama aski duk ranar Alhamis.

"Kan da ke tuƙa jirgi," in ji shi, "ni nake riƙe shi da hannu biyu, in juya shi dama, in juya shi hagu. To tsakani da Allah, wa ke tuƙa wani?"

Tun daga nan ya hana a ce masa Wanzam, sai dai Injiniya. Mutane suka ci gaba da ce masa Wanzam.

Mai jirgin na gaskiya shi ne mijin yayarsa Tasalla, Malam Muhammad Sani, tsohon malamin koyar da kanikanci da ya yi ritaya. Mutum ne marar hayaniya, in ya yi magana goma a yini to an yi baƙi. Shekara tara yana ƙera wani ɗan jirgi mai kujera ɗaya a kangon bayan gidansa. Ya shafe shi da farin fenti, 'yan unguwa suka sa masa suna Balbela. Injin daga wata tsohuwar mota ya ciro shi, kuma ba irin injin da aka saba gani ba ne. Babu fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyi a cikinsa kamar muciya a tukunya. Komai ya haɗu sai abu ɗaya. In an tayar da shi sai ya yi minti guda, ya shaƙe, ya yi tari, ya mutu. Malam ya gano cewa iskar da injin ke shaƙa ba ta isarsa, kuma mai zafi ce. Wata uku ke nan yana zane a takarda, yana auna tsawo da faɗin bututun da zai kai masa iska mai sanyi.

Wata Talata sai ga Bunu, shugaban manoman shinkafa na wata fadama a ƙasar Roni, ya zo da ƙoƙon bara. Tsuntsun jan-baki ya sauka musu, shinkafa ta fara ƙosawa, saura mako uku a yanke. Sun ji an ce da jirgi ake korarsa.

"Sai nan da wata biyu, in Allah ya yarda," Malam ya ce. "Gobe ma Kano za ni, za a cire mini yanar ido."

Bunu ya fito jiki a sanyaye. A ƙofar gida ya tarar da Jalaluddeen ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, sai ya zauna a gyara masa fuska ko zuciyarsa ta yi sanyi. Jalaluddeen ya bari sai da ya ɗora masa aska a maƙogwaro sannan ya buɗe baki.

"Malam mutumin kirki ne, amma takarda ta yi masa yawa. Numfashi fa ake magana. Wa ya san hanyar numfashi a garin nan in ba ni ba? Hanci, maƙogwaro, ƙirji, a cikinsu na tashi. Ranar Asabar jirgin nan zai kwana a fadamarku. Ko kana da ja?"

Bunu ya ji sanyin ƙarfe a wuyansa, ya ce ba shi da ja.

Washegari da Malam ya hau mota, Jalaluddeen ya shiga wurin yayarsa ya ce hadari na haɗuwa, a ba shi makullin kango ya rufe Balbela da tamfol.

Tasalla ta leƙa sama, ko ɗigon gajimare babu. "Jalalu, kar ka taɓa masa komai."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da na ba ka ban yi magana ba."

Yana shiga ya tattara takardun Malam ya ɗora dutse a kai, ya tsaya gaban injin ya riƙe ƙugu. Tunaninsa na farko bai yi nisa da sana'arsa ba. A duniya me ya fi ƙaho zuƙa? In ɗan ƙaramin ƙahon da yake kafa wa mutane a baya zai iya zuƙo mataccen jini, to ƙaton ƙaho me zai yi wa iska? Ya je kwata ya samo ƙahon wani farin sa, dogo kamar hannun mutum, ya huda tsininsa, ya cusa a bakin injin, ya ɗaure da robar tayar keke. Ya sha ganin yadda Malam ke danna maɓallin tayarwa, ya danna.

Injin ya tashi. Amma maimakon ƙarar inji, sai ƙahon ya saki wani dogon kuka mai kauri, wanda ya sa kajin unguwa suka nufi akurki.

A daidai lokacin Muhammadu Lawal, wani makiyayi, yake wucewa da garkensa ta bayan kangon zai kai su shan ruwa. Bajimin garken ya tsaya cak. Ya ɗaga kai, ya amsa. Ƙahon ya ƙara. Bajimin ya tona ƙasa da ƙafa, ya sunkuyar da kai, ya shigo da zanar kangon rataye a wuyansa. Jalaluddeen bai san lokacin da ya taka katanga ya haye rufin ɗakin girkin maƙwabciya ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Injin ya yi tarinsa ya mutu. Bajimin ya zagaya Balbela sau biyu yana huci, bai ga abokin faɗa ba, ya taka takalmin ya fita.

Muhammadu Lawal ya leƙo, sanda a kafaɗa. "Wanzam, me jirgin nan naka ya faɗa masa?"

"Gwaji ne na kimiyya."

"To ni ban san kimiyya ba, amma shekara shida ina tare da san nan, ban taɓa ganin an zage shi haka ba."

Mai ɗakin girkin, Hajja Kaka, wata tsohuwa mai baki kamar reza, ta fito da mafici a hannu ta ɗaga kai. Tun yana yaro take masa wasan jika.

"Mijin, har ka tashi? Ina jirgin? Ko kai ka riga shi?"

"Iskar sama nake aunawa, Hajja."

"To ka auna a hankali, kwanon nan ya girme ka."

Daga saman rufin ne ya hango bahon wankinta a tsakar gida, ƙato, na ƙarfe, yana sheƙi. Nan take ya gane kuskurensa. Hancin ne ya yi ƙanƙanta. Ai ko a cikin mutane, masu faffaɗan hanci su suka fi gudu.

Ranar Alhamis da safe ya ari bahon, ya ce jiƙon magani zai yi. Ya kai wa mai walda aka fafe gindinsa, aka liƙa masa guntun bututu. Ya dawo ya kafa shi a goshin Balbela, ta koma kamar mai tallan maganin gargajiya da lasifika. Da ya tuna Malam ya taɓa cewa dole a tace iska, sai ya zagaya madafin yayarsa ya ɗauko rariyar tankaɗe ya toshe wuyan bahon da ita. Bai kakkaɓe ta ba.

Ya danna maɓalli. Injin ya ja numfashi mai tsawo, ya haɗiye garin dawar da ke jikin rariyar, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya yi wata irin atishawa da ta dawo da komai waje. Jalaluddeen na tsaye a gaban bahon yana leƙe. Ya fito fari fat tun daga hula har gemu, ido biyu kawai ke motsi.

Ƙarar ta fito da Tasalla da Hajja Kaka a tare. Tasalla ta dubi rariyarta. Hajja Kaka ta dubi bahonta.

"Jiƙon maganin ke nan?" in ji Hajja Kaka. "A ina ruwan zai zauna?"

"Hajja, bahonki ya shiga tarihi."

"Ta gindi ya shiga, na gani. Da wannan bahon aka wanke uwarka ranar da ta haife ka. Da na san abin da ake wanke wa, da na ce a bar shi a rataye."

Tasalla ta miƙa hannu. "Ba ni makullin."

"Yaya, ba ki ji abin da na ji ba? Atishawa ya yi. Shekara tara Malam na neman ciwon jirgin nan a takarda, ni kwana biyu na gano shi. Mura ce."

Kafin ta sami abin cewa tuwonta ya fara kamu, ta juya da gudu. Shi kuwa ya shiga jinya ka'in da na'in. Ya shafe cikin bahon da man zafi. Ya tafasa ganyen darbejiya a tukunya, ya ajiye a gaban injin, ya lulluɓe su da bargo don a yi sirace, ya shiga ƙarƙashin bargon shi ma don ya ga yadda maganin ke shiga. Ya miƙa sanda ya danna maɓalli. Injin ya zuƙe bargon har rabi, ya kifar da tukunyar a kan ƙafarsa mai sauran takalmi, ya mutu.

Yana ɗingishi ya cire baho da rariya, ya kunna tocila, ya leƙa can cikin maƙogwaron injin kamar yadda yake leƙa bakin jarirai. Sai ya ga wani ɗan faifan ƙarfe a kwance ya tare hanya. Ya taɓa shi da yatsa, ya motsa. Ya sake taɓawa, ya sake motsawa. Jalaluddeen ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye.

"Beli," ya ce. "Wallahi beli ne. Yaro na shekara tara ba a cire masa beli ba, ina zai yi numfashi?"

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kwance 'yan kusoshi biyu, ya zaro faifan. Ya naɗe shi a auduga ya sa a aljihu. Bai tayar da injin ba, don a ƙa'idar sana'a wanda aka cire wa beli ba a sa shi surutu sai ya huta. Ya mayar da baho, ya rufe kango, ya bi majalisu yana shela cewa aiki ya yi kyau, marar lafiya na barci.

Ranar Asabar da hantsi Bunu ya zo da a-kori-kura. Nan aka tarar da wata matsalar. Fukafukan jirgin ba sa jikinsa. Malam ya kwance su ya kulle a ɗakinsa, ya tafi Kano da makullin.

"Jirgi ba fiffike?" in ji Bunu.

"Fiffike ado ne. Jimina ba ta da su ne? Ta taɓa tashi? Numfashi shi ne magana. Yau ƙara kaɗai za mu sakar musu, in jan-baki ya ji muryar Balbela sai ya kwana a Nijar."

Kafin azahar bakin fadamar ya cika. Manoma, masu babura, mata masu awara da dafaffiyar gyaɗa, har da waɗanda suka taso daga ƙauyukan Gwiwa don kallo. A gaba ga shinkafa ta sunkuyar da kai, jan-baki na tashi yana sauka a kanta kamar hayaƙi. Aka sauke Balbela kusa da wata giginya. Jalaluddeen ya sa aka kawo igiyar guga, ya zarga wa giginyar, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙafar jirgin ta hagu. Ya sha babbar riga da baƙin tabarau. Ya hau kujera, ya rataye zabirarsa ta kayan aski a wani ɗan ƙarfe da ya gani a gabansa, ya yi jawabi na kusan rabin sa'a a kan hanci. Sannan ya danna maɓalli.

Abin da bai sani ba, faifan da ya cire shi ne ke rage wa injin iska in an saki totur. Babu shi, injin ba shi da magana sai ɗaya: ƙure wuta.

Balbela ta kurma ihun da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Farfela ta ɓace don gudu. Iskar da ta yi baya ta kwashe hulunan sahun farko, ta ɗauke kwanon yajin wata mai awara ta raba wa jama'a kyauta, ido da hanci. Jirgin ya zabura, igiya ta miƙe, ta fizgo shi hagu, sai ya kama zagaya giginya kamar jakin da aka ɗaure wa gwangwani a wutsiya.

Mutane suka watse suna atishawa. Bunu ya maƙale a jikin giginyar, don nan ne kaɗai jirgin ba ya bi, sai dai duk zagaye ya tsallake igiya. Magana ta koma sai in jirgin ya zo wucewa.

"Rage wuta," Bunu ya daka masa tsawa.

Jirgin ya zagayo. "Na rage."

Ya sake zagayowa. "Bai ji ba."

"To kashe shi mana."

Ya zagayo. "Da kansa..."

Ya zagayo. "...yake mutuwa."

Gaskiya ya faɗa. Duk gwajin da ya yi bai taɓa kashe injin ba, shi ke shaƙewa ya mutu. Yau kuwa ya sami numfashi, ba shi da niyyar mutuwa.

"Wanzam, za ka kashe mu."

Ya zagayo, tabarau ya koma kan haɓa. "Injiniya," ya ce.

A zagaye na goma sha wani abu igiyar ta tsinke. Balbela ta miƙe sak ta nufi gona. Ta daki kunyar bakin fadama, ta yi tsalle, ta faɗa cikin shinkafar Bunu, ta bi ta tsakiya tana sheme ta, farfela na sussuke zangarniya tana watsa tsaba hagu da dama. Sai da ta yi tafiyar da ta kai tsawon filin ƙwallo sannan tayoyinta suka nutse a laka. Ta tsaya, amma injin bai tsaya ba. Ya ci gaba da ihu yana feshin taɓo, Jalaluddeen na zaune a ciki yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

Jan-baki kam ya tashi, ba a ce bai tashi ba. Ya yi sama gaba ɗaya, ya yi shawagi sau ɗaya, ya hango an sussuke masa shinkafa an baza a fili, ya sauko a bayan jirgin ya fara ci a natse.

Ana cikin haka adaidaita ta tsaya a bakin hanya. Tasalla ta fito, ta riƙo hannun Malam Muhammad Sani, idonsa ɗaya a rufe da bandeji. Saukarsa daga Kano ke nan ya tarar da kango wayam. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga laka, ya zagaya ta bayan jirgin har ya iso kujera. Ya ɗage zabirar da ke rataye. Ƙarfen da ke ƙarƙashinta makunni ne, an rubuta masa KASHE da jan fenti, baƙaƙe manya. Ya latsa shi da yatsa ɗaya.

Wurin ya yi tsit, sai atishawa jefi-jefi da ƙarar bakin tsuntsaye.

Malam ya dubi bahon da idonsa mai lafiya. Ya cire shi, ya leƙa maƙogwaron injin, ya daɗe yana leƙe.

"Ina faifan da ke nan?"

Jalaluddeen ya share taɓo daga fuska, ya laluba aljihu, ya warware audugar a tafin hannunsa. "Ga shi, Malam. Dubi girmansa. Da an ƙara wata guda da ya rufe masa wuya gaba ɗaya."

"Wannan shi ne totur."

"To ai ka ga da na cire, ya daina tari."

Malam ya kawar da kai. Ya dafe bandejin da hannu. "Likita ya ce mako biyu kada in yi kuka, kada in yi dariya. Don girman Allah, Jalalu, ka matsa daga gabana."

A nan bakin gona manoma suka yi zama, ba su ko nemi inuwa ba. Wasu suka ce a kai shi gaban hukuma, wasu suka ce a bar su da shi minti biyar kawai. Tasalla ta ce ita ba ta ga komai ba, yaji ya shiga idonta. Bunu ne ya raba gardama. Tunda ya yi alkawarin korar tsuntsu, to zai kore shi. Aka kafa masa rumfa a tsakiyar fadama, aka ba shi bahon Hajja Kaka da sanda, aka ce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har a yanke shinkafa.

Ranar farko ya buga baho har hannunsa ya yi kanta. Tsuntsayen suka saba da ƙarar kafin la'asar, har suna sauka a kan rumfar. Rana ta biyu ya ajiye sanda. Ba mai aski, ba mai saurare, ga baki ya saba. Sai ya juya ya fuskanci jan-baki ya fara ba su labari. Ya yi musu bayanin yadda ya tashi da jirgi ba fiffike, yadda tayoyi uku suka rabu da ƙasa a kan kunya, yadda ya hango rufin gidajen Babura daga can sama. Ya nuna musu kurakuran da ke cikin tashinsu, ya ce yawancinsu ba su iya sauka ba. Masu zuwa ban ruwa suka canza hanya. Mai kawo masa abinci ya koma ajiyewa daga nesa yana yin fito.

Bunu ya rantse cewa shekara talatin yana noma bai taɓa ganin jan-baki ya bar nunanniyar shinkafa don kansa ba sai bana. Kwana huɗu suka jure. Ranar na biyar da safe suka tashi gaba ɗaya, ba baho ba tsawa, suka yi yamma.

Bayan kwana biyu sai ga dattawa uku a kan babura daga wani ƙauye na Gwiwa, fuska ba walwala. Suka ce wa Bunu baƙin da ya kora sun sauka a gerensu, sun zo neman taimako.

"Jirgin ya koma Kazaure," in ji Bunu. "Farfelarsa ta lanƙwashe, mai shi kuma ya canza kwaɗo."

"Ba jirgin muke so ba," babbansu ya ce. "Wanzamin za ka ara mana."

Jalaluddeen na kan rumfa yana jin su. Ya gyara zaman hula, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce su je su rubuto a takarda, zai duba ya ga ko yana da sarari.